Dabbobin da Suka Rage a Jikin Dutse

Matafiyin da ya bar Agadas ya nufi Arlit, in ya yi tafiyar wajen kilomita 110 zuwa arewa, zai wuce kusa da wani tudun duwatsu da ake kira Dabous, a yammacin tsaunukan Azbin cikin Jamhuriyar Nijar. Wurin busasshe ne ƙwarai, sai rairayi da tsakuwa da 'yan itatuwan ƙaya nan da can. Daga ƙasa ba a ganin kome a kan tudun. Amma wanda ya daure ya hau zai tarar da raƙuman dawa biyu an sassaƙa su a kan wani falalen dutse, babba da ƙarami. Babban ya kai mita 5.4 daga kofato zuwa kai, wato daidai da tsayin ƙasaitaccen raƙumin dawa mai rai. An fitar da dabbare-dabbaren jikinsa ɗaya bayan ɗaya, an goge dutsen ya yi sumul a inda ya kamata, an zurfafa layin wuya da na ƙafafu, har idan rana ta yi ƙasa da safe ko da yamma sai inuwa ta cika layukan, dabbar ta fito sarai.

Wani Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, Christian Dupuy, shi ya fara rubuta bayanin wurin a 1987, ko da yake Buzayen da suke kiwo a yankin sun daɗe da saninsa. Da aka ƙirga zanen da yake kan duwatsun Dabous, an sami 828. Daga ciki 704 dabbobi ne: shanu, raƙuman dawa, jiminu, zakoki, karkanda da sauransu. Siffofin mutane 61 ne kawai. Masana da yawa suna ƙiyasta cewa manyan raƙuman dawan nan biyu sun yi shekara 6,000 zuwa 8,000. A lokacin ba a san ƙarfe ba, saboda haka da dutse aka sassaƙa dutse.

Tambayar da take zuwa wa kowa ita ce, me ya kai raƙumin dawa wurin da ko akuya da ƙyar take samun abin ci? Amsar ita ce tarihin Sahara kanta, kuma mutanen da suka zauna cikinta ne suka rubuta shi da hoto, tun kafin a san rubutu.

Sa'ad da Sahara take da damina

Duniya tana juyawa ne tana ɗan tangaɗi, kamar katantanwar da yara suke murzawa. Wannan tangaɗi yakan ɗauki shekara wajen 21,000 kafin ya kewayo. Kimanin shekara 11,000 da suka wuce, ya sa zafin bazara ya ƙaru a arewacin Afirka. Ƙasa mai zafi kuwa takan jawo iska mai laima daga teku, gama haka damina take samuwa har yau. Sai iskar damina da take tasowa daga Tekun Atlantika ta riƙa kutsawa arewa nesa da inda take tsayawa yanzu. Ciyawa ta rufe filayen da suke rairayi a yau, kwaruruka suka zama koguna, tafkuna suka cika. Wannan zamani na ni'ima ya kai har wajen shekara 5,000 da suka wuce.

Shaidar wannan tana da yawa. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa yake wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya taɓa kai wajen 350,000, tudun yashin da ya bi ta Maiduguri da Bama kuwa tsohuwar gaɓarsa ce. A 1987 wani makiyayi da yake haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda ya yi shekara wajen 8,000 a binne. A shekara ta 2000 wata ƙungiya ƙarƙashin Paul Sereno, Ba'amurke mai neman ƙasusuwan dabbobin dā, ta tarar da wata makabarta a Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar. An sami kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, tare da māsun kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina. A wani kabari an binne mace da yara biyu suna rungume da juna, an kuma sami burbushin furanni a ƙarƙashinsu.

Mutane irin waɗannan ne suka bar zane a kan duwatsu, daga Azbin a Nijar, zuwa Tasili a Aljeriya, da Akakus da Mesak a Libiya, da Tibesti da Ennedi a Cadi.

Yadda baƙi suka fara lura

A 1850 Heinrich Barth, Bajamushen da mutanen ƙasar Hausa da Barno suka sani da suna Abdulkarim, ya taso daga Tarabulus ya ratsa Fezzan. A wani kwari na Mesak ya ga shanu an sassaƙa su a jikin dutse. Ya lura da abu biyu: shanu sun yi yawa a wurin da saniya ba za ta rayu ba, raƙumi kuwa, wanda shi ne abin hawan kowa a hanyar, ba ya cikin tsofaffin zanen. Daga nan ya gane cewa ƙasar ta taɓa zama dabam. Ya ci gaba da tafiyarsa, ya isa Agadas a watan Oktoba na shekarar, ya shiga Kano a Fabrairu 1851.

Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 1956, wani Bafaranshe mai suna Henri Lhote ya kai masu zane tudun Tasili, kusa da garin Janet a kudu maso gabashin Aljeriya. Wani Buzu mai suna Jibrin ne ya yi musu jagora daga kogo zuwa kogo, gama shi ya san wuraren. Suka kwafi zane wajen 800, aka baje su a Paris a 1957, duniya ta yi mamaki. A yau an san zane fiye da 15,000 a Tasili, hukumar UNESCO kuwa ta sa wurin cikin jerin wuraren gādo na duniya a 1982.

Aikin Lhote yana da nasa laifi. Mutanensa sun riƙa jiƙa bangon kogo da soso domin launi ya fito, abin da ya sa waɗansu zanen suka dushe. Shi kansa ya ɗauka cewa hannun Masarawa yana cikin waɗansu mafi kyau. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mazaunan wurin ne suka yi su, da yawa kuma sun girmi dalar Masar da dubban shekaru.

Dabba babba, mutum ƙarami

Masana sun kasa zanen Sahara zamani zamani, bisa ga dabbar da ta fi yawa a kowane. Ko da yake suna gardama a kan shekarun, jerin ya tabbata, gama sau da yawa sabon zane yana kan tsoho. Wanda ya bi jerin zai ga yadda zaman mutum da dabba ya riƙa sākewa.

Cikin mafi tsufa akwai zamanin manyan namun jeji. Nan ake ganin giwa, dorina, karkanda, raƙumin dawa, da wata irin ƙatuwar ɓauna mai dogayen ƙahoni wadda ta ƙare a duniya. A Mesak akwai kada da ya fi mita 2, ɗansa yana biye da shi. An yi dabbobin da girma, da layi mai zurfi, an bi kowace gaɓa daidai: yadda giwa take kaɗa kunne, yadda raƙumin dawa yake jefa ƙafa in yana gudu. Mutum kuwa, in ya fito, ɗan ƙarami ne a gefe, yana riƙe da baka ko sanda, wani lokaci da kan dabba a maimakon nasa. Maharbi ba ya cin abinci sai ya san halin abin da yake farauta, inda yake sha, da lokacin da yake fushi. Wannan sani ne ya fito a hannun masu sassaƙar.

A kogunan Tasili da Akakus akwai wani iri dabam, wanda ake kira zamanin masu kewayayyen kai. Waɗannan da launi aka shafa su, jar ƙasa da farar ƙasa da aka niƙa aka dama. Mutanen ba su da fuska, waɗansu kamar suna shawagi cikin iska. A wani wuri da ake kira Sefar akwai siffa mai ƙahoni da ta fi mita 3, ta ɗaga hannuwa, mata suna gefenta sun ɗaga nasu, dabbobin jeji suna kewaye. Yawancin masana suna ganin al'amarin ibada ne, na mutanen da suka ɗauki ruwan sama da namun jeji a kan abubuwan da ake roƙo, ba abin da hannu yake iya kamawa ba.

Zamanin makiyaya

Wajen shekara 7,000 da suka wuce, saniya ta cika bangon kogo. Wannan zamani ya fi kowane yawan zane, shi ne kuma wanda mutumin karkara zai gane ba tare da an yi masa bayani ba. Ga garke yana tafiya, makiyayi a baya da karensa. Ga bukkoki, mata suna zaune a ƙofa suna gyaran gashi, yara suna wasa. Ga 'yan maruƙa an jera su a igiya ɗaya, kamar yadda ake ɗaure su a dangwali a rugar Fulani. Ga mata a kan takarkarai, an ɗora kaya, ana ƙaura.

Abin lura shi ne, ba a yi shanun iri ɗaya ba. Kowace da launinta: ja, fara, baƙa, mai roɗi-roɗi. Kowace da irin ƙahonta, har da waɗanda aka tanƙwara da gangan tun suna ƙanana. Ba su da tozo, gama shanu masu tozo sun shigo Afirka daga baya. An fitar da hantsar shanun mata a cike, abin da ya nuna cewa nono ne abin da ake so. Binciken da aka buga a 2012 ya tabbatar da haka: an sami maiƙon nono a jikin tsingaron tukwane daga kogon Takarkori a Libiya, masu shekara wajen 7,000. Mai zanen nan ba saniya kawai yake zanawa ba, tasa yake zanawa, wadda ya san uwarta da ranar da aka haife ta.

A 1966 Amadu Hampate Ba, masanin nan Bafulatani na ƙasar Mali, tare da Germaine Dieterlen, suka rubuta cewa waɗansu zanen Tasili sun yi kama da al'adun Fulani na dā, musamman bikin wanke shanu a ruwa. Waɗansu masana daga baya ba su yarda ba, suka ce tazarar shekarun ta yi yawa. Duk da haka, kamannin rayuwar ba abin musu ba ne. Ko a Nijeriya, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu cikin Jihar Jigawa, akwai shanu marasa tozo da aka zana a jikin dutse, ko da yake ba su kai na Sahara tsufa ba.

Kusa da Janet akwai wani dutse a tsaye cikin rairayi, wanda aka sassaƙa wa shanu masu dogayen ƙahoni. Sun sunkuyar da kai zuwa wani ɗan rami a gindin dutsen inda ruwa yakan taru in an yi ruwan sama. A ƙarƙashin idanunsu an yi alama kamar hawaye, shi ya sa ake ce da su shanu masu kuka. Mutanen wurin suna ba da labari cewa wani makiyayi ne ya kawo garkensa mashaya ya tarar ta ƙafe, sai ya sassaƙa baƙin cikinsa. Ko mene ne nufin mai sassaƙar, abin da labarin yake faɗa ya faru.

Doki da raƙumi

Tangaɗin duniya ya ci gaba, zafin bazara ya ragu, iskar damina ta fara ja da baya. Lakar da aka haƙo daga ƙarƙashin Tafkin Yoa a arewacin Cadi, wadda Stefan Kröpelin da abokan aikinsa suka buga bayaninta a 2008, ta nuna cewa a can ƙasar ta bushe ne sannu a hankali cikin dubban shekaru: itatuwa suka fara tafiya, sa'an nan ciyawa, sa'an nan ƙura ta zo. Makiyaya suka bi ruwa, waɗansu zuwa Kogin Nilu, waɗansu kudu zuwa Kwara da Tafkin Cadi, waɗansu suka hau tsaunuka inda maɓuɓɓuga suka rage.

Wajen shekara 3,000 da suka wuce doki ya bayyana a kan duwatsu, yana jan karusa mai ƙafa biyu, ƙafafunsa a miƙe gaba da baya don tsananin gudu. Herodotus, marubucin tarihi na Helenawa, ya ambaci mutanen Fezzan masu karusan doki huɗu tun ƙarni na biyar kafin haihuwar Almasihu. A wannan zamani mutum ya girma cikin zane, dabba ta ƙanƙance. A Iwelen, a arewacin Azbin, ana ganin jarumawa tsaye suna fuskantar mai kallo, da māshi a hannu da ado a kai, dabbobi kuwa suna gefensu. A Ennedi mahaya ne suke sukuwa a jere.

Daga ƙarshe, wajen shekara 2,000 da suka wuce, raƙumi ya zo, tare da haruffan da Buzaye suke kira Tifinag. Zanen wannan zamani ƙanana ne, da yawa an yi su da gaggawa, layi kaɗan. Giwa da dorina sun ɓace. Abin da ya rage shi ne raƙumi, da jimina, da ragon dutse, da mutum a kan hanya tsakanin rijiya da rijiya.

Igiyar da take bakin raƙumin dawa

Akwai wani abu a Dabous da mai kallo ba ya gani da farko, saboda girman dabbobin. Daga bakin kowane raƙumin dawa wani siririn layi ya sauko, yana lanƙwasa, har ya ƙare a kan wani ɗan ƙaramin mutum a ƙasa. Ana samun irin wannan layi a wurare da yawa cikin Sahara. Waɗansu masana sun ce igiya ce, mutanen sun kama dabbar ko sun gwada sabar da ita. Waɗansu sun ce alama ce ta dangantaka, watakila ta roƙon ruwa, gama raƙumin dawa shi ne dabbar da kanta ya fi kusa da gajimare. Ta kowace fassara, mai sassaƙar ya ɗaura mutum da dabba da layi ɗaya, ya kuma yi mutumin bai kai gwiwar dabbar ba.

Abin da ya rage

Duwatsun da suka jure dubban shekaru na iska da rana suna shan wahala a hannun mutane. A 2009 wani ya fesa fenti a kan zane da dama a Akakus. A 2017 aka tarar an rubuta sunaye a kan tsofaffin zane a Ennedi, shekara ɗaya bayan UNESCO ta sa yankin cikin jerinta. A wurare da yawa ɓarayi sun ɓalle ɓangarorin dutse sun sayar. Domin tsoron irin wannan, a 1999 ƙungiyar TARA mai kula da zanen duwatsu na Afirka, tare da Gidauniyar Bradshaw, suka ɗauki zubin raƙuman Dabous da izinin gwamnatin Nijar. Aka zuba shi da sanholo, aka kafa ɗaya a filin jirgin sama na Agadas. Aka kuma haƙa rijiya kusa da wurin, aka sa Buzaye su yi tsaro.

Dabbobin da kansu sun fi duwatsun shiga hatsari. Bushewar Sahara ba laifin mutum ba ce, amma abin da ya faru a ƙarni na ashirin da hannunsa a ciki. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda dā ake samunsa daga Senegal har Tafkin Cadi, farauta da saran daji da fari suka rage shi, har a 1996 saura 49 kacal, dukansu a yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai. Gwamnatin Nijar ta tsananta hana kashe su, ƙungiyoyi suka taimaki ƙauyuka da rijiyoyi da bashin jari, manoma kuwa suka yi haƙuri da dabbar da take shiga gona ta ci musu wake. Kafin 2018 sun haura 600. A shekarar aka ɗauki 8 a mota, aka yi tafiyar wajen kilomita 800 da su zuwa dajin Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda suka ƙare shekaru da dama da suka wuce. A Cadi ma, mariri mai ƙaho kamar lauje, wanda aka ce ya ƙare a jeji a shekara ta 2000, an fara mayar da shi a 2016 daga waɗanda aka kiwata a waje, ya kuma hayayyafa.

Ba kowane abu ne aka iya mayarwa ba. A kan hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma akwai wani itacen ƙaya guda ɗaya tak a tsakiyar Tenere, ragowar dajin dā, wanda saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 don ta kai ga ruwa. Madugai suna hana a karya ko da reshensa don hura wuta. A 1973 mota ta banke shi. Aka kai gangar jikinsa gidan adana kayan tarihi na Yamai, a gurbinsa kuwa aka kafa itace na ƙarfe. Mutanen zamani sun yi abin da mutanen Dabous suka yi, sun bar siffa a wurin mai rai. Bambancin shi ne, masu sassaƙar dā sun yi tasu sa'ad da dabbar take kiwo a gabansu.

Yaron da yake Kure ko Gadabeji a yau yana iya ganin raƙumin dawa ya miƙa wuya cikin gawo, kamar yadda wani ya gan shi a Azbin shekara dubbai da suka wuce, har ya hau dutse ya yi kwana da kwanaki yana sassaƙa. Ko jikokin yaron za su ga dabbar da idonsu, ko kuwa sai sun je Dabous, wannan ya rataya ne a kan masu gona da masu gatari da masu bindiga na yanzu.